Kwana 328 Babu Wuta: Tarihin Puerto Rico Bayan Guguwar Mariya

Kowa a nan ya san halin ruwan fari a ƙasar Kurmi. Hadari zai haɗu da la'asar, iska ta riga ruwa isowa, ta yaye kwanon rufi, ta karya reshen mangwaro a kan waya, ta kwantar da falwaya biyu ko uku. Kafin magariba unguwa ta yi duhu dunɗum. Washegari sai a shiga abin da aka saba: a tashi wakilai zuwa ofis, su dawo da alkawari, a yanka wa kowane gida abin da zai bayar. Wani lokaci kwana uku wuta ta dawo. Wani lokaci kuwa sai tela ya koma keken ƙafa, mai ƙanƙara ya sa firjinsa a kasuwa, kafin a ji yara sun yi ihun an kawo.

A filin tarihi na wannan fitowa za mu je nesa, wani tsibiri da ke ƙarƙashin tutar Amurka, inda guguwar yini ɗaya ta ɗauke wuta, ba a gama mayar da ita ba sai bayan kwana 328. Abin ya faru daga 2017 zuwa 2018, an kuma bincike shi ciki da waje, shi ya sa ake iya bin sawunsa daki-daki. Wanda ya bi labarin zai ga cewa iska ce ke kayar da falwaya, amma tsawon duhun da zai biyo baya tun kafin hadari ya haɗu ake yanke shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ka san abin da za ka yi wa naka.

Tsibirin da mutanensa

Puerto Rico yana tekun Karebiyan, gabas da Kuba. Tsawonsa kimanin kilomita 160 ne, wato ya ɗan ɗara tafiyar Badun zuwa Legas, faɗinsa kuma kimanin kilomita 60 ne. Duk girmansa bai kai rabin jihar Kano ba. A 2017 mutum kimanin miliyan 3.3 ne a cikinsa, harshensu Sifaniyanci. Manyan garuruwa suna bakin teku, tsakiyar kuwa duwatsu ne da kurmi, inda manoman kofi da ayaba suke zaune a ƙauyukan da hanyarsu ke nannaɗe da tsauni kamar rawani.

Amurka ta karɓe tsibirin daga hannun Sifaniya a 1898, ta mai da mutanensa 'yan ƙasarta a 1917. Fasfonsu na Amurka ne, kuɗinsu dala, 'ya'yansu suna shiga sojan Amurka. Amma mazaunin tsibirin ba ya jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa, wakilinsu a majalisar Washington kuma magana kawai yake yi, ba shi da ƙuri'a in an zo zartar da doka. Mu da aka kafa mana Sabo tun 1916, har yau kuma akan tambaye mu yaushe za mu koma gida, ba sai an yi mana dogon bayani a kan irin wannan zama ba.

Bangon da ya riga ya tsage

Hukumar wutar tsibirin, wadda ake kira PREPA, ta gwamnati ce, asalinta tun 1941. A 2017 ita ke samar da wuta, ita ke dakonta, ita ke rabawa, ita ke karɓar kuɗi daga masu mita kusan miliyan ɗaya da rabi. Kamar dai Nepa tamu kafin ta koma PHCN a 2005, a kuma sayar da sassanta a 2013.

Bashi ya yi mata katutu, kimanin dala biliyan 9. Gwamnatin tsibirin ita kanta ana bin ta fiye da dala biliyan 70, har majalisar Amurka ta naɗa mata kwamitin da zai riƙe mata lalita a 2016. A watan Yulin 2017, wata biyu da 'yan kwanaki kafin guguwar, PREPA ta je kotu ta ce ba za ta iya biyan masu bin ta ba.

Hukumar da bashi ya shaƙe, abin da take fara yankewa shi ne aikin da ido ba ya gani: saran rassan bishiya a gefen layi, sauya falwayar da ta ruɓe, ajiye kayan gyara a sito. Ƙwararrun ma'aikata suka yi ta ritaya, wasu suka tsallaka Amurka inda albashi ya fi tsoka, ba a cike gurbinsu ba. Tashoshin samar da wuta tsofaffi ne, da yawansu sun haura shekara 40, kuma man da suke ƙonawa daga waje ake shigo da shi. Shi ya sa talakan tsibirin yake biyan kuɗin wuta fiye da mutanen kusan kowace jiha ta Amurka.

Akwai kuma matsalar da ke cikin tsarin kansa. Manyan tashoshi irin su Aguirre da Costa Sur suna kudancin tsibirin, alhali yawan jama'a da masana'antu suna arewa, wajen babban birni San Juan. Dole wutar ta hau duwatsu ta sauka a kan manyan turakun ƙarfe, wasunsu a wuraren da sai jirgi mai saukar ungulu ke iya zuwa. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. A watan Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, 'yan'uwanmu a Kano da Katsina da Bauchi sun yi fiye da mako guda ba su ga wuta ba. Duk ƙasar da ta rataya jama'a masu yawa a kan layi ɗaya ko biyu, ranar da layin ya tsinke kowa zai ji a jikinsa.

An ma yi musu gargaɗi. Ranar 21 ga Satumba 2016 gobara ta tashi a tashar Aguirre, tsibirin gaba ɗaya ya yi duhu kusan kwana uku, ba hadari ba iska. Shekara guda cif bayan haka Mariya ta zo.

Laraba, 20 ga Satumba 2017

Makonni biyu kafin ranar, guguwar Irma ta gifta ta arewacin tsibirin. Ba ta ma hau tudu ba, amma ta bar masu mita kusan miliyan ɗaya a duhu, dubbai ba a kai ga mayar musu ba har ta biyun ta iso. Hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta kwashe akasarin kayan da ke sitonta na Puerto Rico ta kai wa maƙwabtan tsibiran da Irma ta ragargaza. Ita da kanta ta amsa hakan a rahoton da ta fitar a 2018.

Da safiyar Laraba Mariya ta hau tudu kusa da garin Yabucoa a kudu maso gabas, tana mataki na 4 a ma'aunin da ya tsaya a 5, iskarta tana gudun kusan kilomita 250 a awa. Ta ratsa tsibirin a karkace ta fita ta arewa maso yamma. A wasu wurare ruwan da ya sauka ya kusa mita ɗaya. Duwatsu suka zaftare a dubban wurare, gadoji suka tafi, turakun ƙarfe suka lanƙwashe kamar kara, falwayar siminti ta karye tsaka-tsaki. Kusan kashi 80 cikin 100 na layukan wuta sun taɓu. Kafin la'asar babu gida ɗaya a tsibirin da ke samun wutar hukuma. Kashi 95 cikin 100 na turakun sadarwa ma sun mutu, mutum ba ya iya kiran ɗan'uwansa da ke gari na gaba, balle ya kira ofis ya ce falwayarsu ta faɗi.

Yadda ake dawo da wuta

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin wanda ya fahimci tsarin aikin zai gane dalilin da wasu ke samun wuta da wuri, wasu su yi ta jira. Ko'ina a duniya daga sama ake farawa. Da farko tashar samar da wuta. Babbar tasha ba ta tashi da kanta, ita ma tana bukatar wuta kafin injinanta su motsa, kamar mota mai mataccen batir da sai an tura. Bayan ta sai manyan layuka masu dako daga gari zuwa gari, sai ƙananan tashoshin da ke rage ƙarfin wutar. Daga nan a ba asibitoci da gidan ruwa da filin jirgi da tashar jiragen ruwa. Sannan a bi layin da gyara ɗaya zai haska wa gidaje dubu, kafin wanda zai haska wa ɗari, kafin na goma. Ba a kuma sakar wa gari lodi lokaci guda, kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, in ba haka ba tashar ta sake faɗuwa.

Tsarin yana da hujja, babu mai ja. Sai dai ma'anarsa ita ce wanda yake ƙarshen layi, a ƙauye ko a lungu, shi ne na ƙarshe kullum. In ma'aikata da kaya sun wadata, tsakanin na farko da na ƙarshe kwanaki ne. In ba su wadata ba, watanni ne.

Dubi abin da ya faru a jihar Florida a wannan watan dai. Irma ta ɗauke wa masu mita fiye da miliyan 6 wuta, wato ninki huɗu na duk masu mita a Puerto Rico. Cikin kusan kwana goma aka mayar wa akasarinsu. Sirrin shi ne kamfanonin wuta na Amurka suna da tsohuwar al'ada irin gayyarmu ta noma. Wanda bala'i ya faɗa wa sai ya yi kira, sauran su turo masa motoci da ma'aikata, daga baya ya biya su abin da suka kashe. Kimanin ma'aikata 60,000 ne suka amsa kiran Irma daga sassan Amurka da Kanada, wasu tun kafin guguwar ta iso sun yi sansani suna jira.

PREPA kuwa ba ta kira gayya ba sai ƙarshen Oktoba, bayan kusan mako shida. Shugabanta na lokacin, Ricardo Ramos, ya ce hukumar ba ta da kuɗin ɗaukar nauyin baƙin. Ga shi kuma tsibiri ne, motar gyara ba ta zuwa da ƙafarta, sai an sa ta a jirgin ruwa. Kayan da suka iso ma suka taru a tashar San Juan saboda babu direbobi, babu man dizal, hanyoyi a toshe.

Kwangila da alkawari

Maimakon gayya, sai PREPA ta ba wani ɗan ƙaramin kamfani daga jihar Montana, Whitefish Energy, kwangilar dala miliyan 300. Ranar da guguwar ta sauka ma'aikatan dindindin biyu kacal kamfanin yake da su, sauran duk haya ya yi. A cikin takardar kwangilar ana cajin dala 319 a kowace awa kan ma'aikacin layi ɗaya, har da sharaɗin da ya hana a binciki yadda aka yi lissafin. Da 'yan jarida suka tono cewa kamfanin daga garinsu wani ministan gwamnatin Trump yake, sai ƙura ta tashi, ko da yake ministan da kamfanin duk sun ce babu hannunsa. Ranar 29 ga Oktoba gwamna Ricardo Rosselló ya sa aka soke kwangilar. A tsakiyar Nuwamba Ramos ya ajiye aiki. Wani kamfanin da aka ba aiki mafi tsoka, Cobra, shi ma bai tsira ba. A 2019 an kama tsohon shugabansa tare da wata babbar jami'ar FEMA kan zargin cin hanci.

Gwamna ya yi wa jama'a alkawarin cewa kafin 15 ga Disamba kashi 95 cikin 100 za su samu wuta. Aka yi Kirsimeti, aka shiga ƙarshen shekara, hukumar da bakinta ta ce kashi 55 ne kawai na masu mita suka samu. Injiniyoyin sojan Amurka da aka ɗora wa aikin suka tarar ana bukatar falwaya dubun dubata, ga Texas da Florida sun riga sun kwashe na kasuwa, ga kayan tsibirin tsofaffi ne iri-iri, wasu an daina ƙera su. Ma'aikata suka riƙa kwance ƙarfe da waya daga turakun da suka faɗi suna sake amfani da su. A watan Janairun 2018 jami'an tarayya suka shiga wani siton PREPA da ke Palo Seco suka tarar da kayan gyara jibge, alhali ma'aikata suna zaune a fili suna jiran irinsu.

Duhun ya fi iskar kisa

Ranar 3 ga Oktoba shugaba Donald Trump ya ziyarci tsibirin. A lokacin lissafin gwamnati mutum 16 ne suka rasu, ya kuwa yaba da ƙanƙantar adadin, ya riƙa jefa wa jama'a takardar goge hannu kamar mai wasan ƙwallo. Daga baya adadin ya tsaya a 64, a nan kuma gwamnati ta kafe wata da watanni.

Mutanen gari sun san ba haka ba ne, domin su ke binne 'yan'uwansu. Mai ciwon suga da allurarsa ke bukatar sanyi, firji ya mutu. Mai ciwon ƙoda da ake yi wa wanki sau uku a mako, cibiyar ta rage awoyi don dizal ya ƙare. Tsohon da ke numfashi da injin oksijin a gida, injin ya tsaya. Janaretocin asibiti da aka saya don tsayuwar awoyi aka sa su aikin watanni, suka riƙa faɗuwa. Famfunan gidan ruwa da wuta suke aiki, don haka jama'a suka koma rafi, aka samu masu kamuwa da cutar da fitsarin ɓera ke sa wa ruwa. Wasu hayaƙin janareta ne ya kashe su cikin barci. Banki babu sabis, kati ba ya aiki, wanda ba shi da tsabar kuɗi ba shi da magani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da likita zai rubuta guguwa a takardar mutuwarsa.

A watan Mayun 2018 masu bincike na jami'ar Harvard suka bi gida-gida, suka ƙiyasta mutum 4,645, suka kuma ce kusan kashi ɗaya cikin uku tsaikon samun magani ne sanadinsu. Jama'a suka kwaso takalman mamatansu suka jera a gaban majalisar dokokin tsibirin. A ƙarshen Agusta jami'ar George Washington, wadda gwamnatin da kanta ta ba aikin, ta fitar da 2,975 cikin wata shida na farko, gwamnati ta karɓa. Binciken ya nuna haɗarin mutuwa a ƙananan hukumomi mafi talauci ya ɗara na yadda aka saba da kashi 45 cikin 100. Cikin shekara guda kuma kusan mutum 130,000 suka tattara suka bar tsibirin.

Waɗanda ba su zauna jira ba

A garin San Sebastián da ke yammacin tsibirin, magajin gari Javier Jiménez ya gaji da jiran motar hukuma. Ya tara tsofaffin ma'aikatan PREPA da suka yi ritaya, da masu gyaran wuta, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, suka raɗa wa kansu suna Hukumar Wuta ta Pepino, da laƙabin garinsu. Suka riƙa tayar da falwaya, suna ɗaure waya, unguwa bayan unguwa. PREPA ta yi ƙorafi ta ce aikin haɗari ne kuma ba hurumin gari ba ne, su kuma ba su fasa ba, dubban gidaje suka samu wuta ta hannunsu. A lura fa, jagororin aikin mutane ne da suka yi shekaru a kan falwaya, sun san layin da ya mutu da wanda ke raye. A garin Coamo ma maƙwabta sun haƙa ramuka sun tayar da falwaya da ƙarfin damtse, domin in ma'aikata sun zo su tarar da rabin aiki a gama.

Labarin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne na Adjuntas, wani garin manoman kofi a tsakiyar duwatsu. A can akwai ƙungiyar al'umma mai suna Casa Pueblo, wato Gidan Jama'a, wadda Alexis Massol da maiɗakinsa Tinti Deyá da abokansu suka kafa a 1980 don hana a haƙe musu duwatsu da sunan ma'adinai. Da kuɗin kofin da suke sayarwa suke tafiyar da ita. Tun 1999 suka sa wa gidan ƙungiyar sola, lokacin da mutane ke ganin abin kamar wasa. Da Mariya ta wuce, gidan nan yana da wuta. Gidan rediyonsu ya ci gaba da magana, yana faɗa wa jama'a hanyar da ta buɗe da wadda ta toshe. Mutane suka riƙa zuwa cajin waya, marasa lafiya suna jona injinansu. Da taimakon 'yan garin da ke zaune a Amurka suka raba fitilun sola kusan 14,000, suka sa wa gidajen masu jinya ƙananan firji da faranti a rufi. A 2023 'yan kasuwar tsakiyar garin suka buɗe tasu ƙaramar tashar sola ta haɗin gwiwa mai batir, wadda ke iya tsayawa da ƙafarta in babban layi ya faɗi. Shekara 18 tsakanin ranar da suka ɗora farantin farko da ranar da ya ceci rai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gida na ƙarshe

Aikin ya yi ta tafiyar hawainiya, gaba ɗaya baya biyu. Ranar 12 ga Afrilun 2018 bishiya ɗaya ta faɗa kan babban layi, masu mita fiye da 800,000 suka koma duhu. Bayan kwana shida wata katafilar ɗan kwangila ta kusanci layi a kudu, tsibirin gaba ɗaya ya sake mutuwa. Hotunan dare da tauraron ɗan'adam na hukumar NASA ya ɗauka sun nuna yadda hasken ya riƙa dawowa: San Juan da manyan unguwanni da fari, sai garuruwan bakin teku, tsakiyar duwatsu kuwa baƙi ƙirin wata da watanni. Da birni ya haskaka, 'yan jarida suka naɗe kayansu, manyan kamfanoni suka fara janye ma'aikata tun ana sauran dubban gidaje.

Sai ranar 14 ga Agustan 2018 PREPA ta sanar da cewa ta jona gida na ƙarshe, a wani ƙauyen dutse na yankin Ponce. Kwana 328 ke nan. Ko a ranar, ƙananan tsibiran Vieques da Culebra da janareta suke rayuwa. Masu lissafi sun ce ba a taɓa ɗauke wuta mai girman wannan ba a tarihin Amurka, a duniya ma sai ta guguwar Haiyan a Filifin a 2013 ce ta fi ta.

Abin takaici, yawancin gyaran an mayar da kaya ne yadda suke da. A watan Yunin 2021 aka miƙa layukan ga kamfani mai zaman kansa, LUMA. Ranar 18 ga Satumban 2022 guguwar Fiona, wadda ke mataki na 1 kawai, ta sake kashe wutar tsibirin baki ɗaya. Jama'a dai sun ɗauki darasi, yanzu gidaje fiye da 100,000 suna da sola a rufinsu, akasari da batir.

To, mu fa?

Irin guguwar tekun Karebiyan ba ta zuwa mana, Allah Ya hutar da mu. Amma dattawa suna tuna ambaliyar Ogunpa ta 31 ga Agusta 1980, matasa kuma sun ga ta 26 ga Agusta 2011 wadda ta ci rai fiye da 100 a Badun. Iskar ruwan fari kuwa baƙuwarmu ce ta kowace shekara.

Abin da ya fi sauƙi shi ne wanda PREPA ta yi sakaci da shi. Kowane layi ya san falwayarsa da ta karkace, da wayar da ta yi ciki, da reshen da ke shafar ta. A rubuta su, a ɗau hoto, a kai ofis a takarda, a karɓo kwafi mai hatimi tun rani. Maganar baki ba ta da ranar tunawa. A kuma sani cewa hukumar NERC ta sha nanata cewa sayen falwaya da waya da taransifoma nauyin kamfanin rarraba wuta ne. In larura ta sa unguwa ta haɗa kuɗi, to a yi yarjejeniya a rubuce kan yadda za a mayar mata, kowane gida kuma a ba shi rasit.

Sai batun rai. Masu unguwa su san gidajen da ke da mai allurar suga, da mai asma, da tsohon da zafi ke kayarwa, da mai jego. A samu wuri ɗaya a unguwa, makaranta ko ofishin ƙungiya, mai sola da batir da ƙaramin firji, wanda ranar duhu kowa ya san nan zai nufa. 'Yan'uwanmu da ke Kano da Abuja da ƙasashen waje za su fi saurin sa hannu a aljihu in sun ga abu tsayayye mai lissafi. Janareta kuma a waje yake kwana, nesa da taga, komai tsoron ɓarawo. Wanda zai jona shi da wayar gida ya tabbata ya raba gidansa da layin waje, domin wutar da ta koma kan falwaya tana iya kashe mai gyaran da ke can sama yana zaton layi a mace yake. Waya in ta faɗi ƙasa a ɗauka tana da rai, a kori yara. Yaron da bai koyi aikin ba kada a zuga shi ya hau, ko da an yi wata a duhu.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi wuya. Mun saba ranar da wuta ta dawo bakin titi da kasuwa, ranar kwamiti ke watsewa, a bar gidajen can ƙurya, na zawarawa da 'yan haya da almajirai, su ci gaba da bin ofis su kaɗai. Su ma fa sun ba da nasu kason lokacin da aka zo karɓa. Kowane kwamitin wuta da za a naɗa a damanar bana, a gaya masa tun ranar naɗi cewa aikinsa bai ƙare ba sai gida na ƙarshe ya kunna ƙwai.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da sharrin iska da ruwa.